Na zo hutu Kano na ji ba na son zaman Ingila kuma, in ajiye aikin in dawo?

Tambayar da wata 'yar'uwa ta turo min kenan, tace in amsa a fili don ta san ba ita kaɗai bace. Nas ce a Manchester, tana shekararta ta huɗu a kan bizar ma'aikatan lafiya, da maigidanta da yara biyu. Ta je Kano bikin ƙanwarta ta yi wata guda, tace rabonta da bacci mai daɗi irin na watan nan tun kafin ta bar ƙasar, yara sun saki jiki da 'yan uwa, ga Hajiyarsu a kusa, ba dutin dare ba sanyi. Yanzu ta koma ta rasa sukuni, kullum kuka, so take ta rubuta takardar ajiye aiki su tattaro su dawo, maigidan kuma yace a ƙara haƙuri. Abin da ya ƙara ɗaure mata kai shine a Kanon ma sai da suka sami saɓani da yayarta saboda yawan cewa da take yi "ai a can ba haka ake ba".

Toh ƙanwata sannu da ƙoƙari, Allah Ya ba amarya zaman lafiya. Ni ma aikin jinyar nake, na yi a gida kafin in fita kuma na daɗe a asibitocin Ingila, cikin matanmu da na tarba lokacin da suka sauka na ga waɗanda suka koma gida hankalinsu ya kwanta, na ga kuma waɗanda suka koma suka dawo suna neman hanyar fita ido rufe. Amsata a taƙaice ita ce kar ki ajiye aikin nan yanzu. Ba wai don can ta fi gida ba, a'a, don abin da kika gani a Kano hutu ne, abin da kike ciki a Manchester kuma aiki ne, kin ɗauki wata ɗaya na biki kina aunawa da shekara huɗu na duti, wannan awon ko wa ya yi shi gida ne zai ci.

Amma bari in fara da kukan, don bana so kiji kamar na raina shi. Abin da kike ji gaskiya ne, ba shagwaɓa bace kuma ba rashin godiyar Allah bane kamar yadda wasu za su ce miki. Wanda bai taɓa yin Disamba a arewacin Ingila ba bazai gane ba, ƙarfe huɗu na yamma bata cika ba rana ta faɗi, azahar da la'asar da magariba duk sun cushe a cikin awa huɗu, ki fita cikin duhu ki yi awa 12 a tsaye ki dawo cikin duhu, ba kiran sallah a unguwa, maƙwabcinki shekara uku baki san sunansa ba, ranar Sallah kina wodi kina raba magani kina leƙa hotunan gida a waya lokacin hutun rabin awa. Yaro ya kwana da zazzaɓi ba wadda zaki ce don Allah riƙe min shi in je aiki, sai dai ke da maigida ku dinga musayar shif kamar masu gadi, shi ya shigo ke ki fita. Wannan kaɗaicin yana cin mutum a hankali kuma mu Hausawa bamu saba da shi ba ko kaɗan. Don haka a matsayina na abokiyar aikinki ina ce miki idan kukan nan da rashin bacci da rashin jin daɗin komai suka wuce sati biyu, kije ki ga GP ɗinki wato likitan unguwarku, ke kin san abin da zaki gaya wa mara lafiya da ya zo miki da irin wannan. A duba miki jini harda bitamin D, hukumar lafiya ta NHS da kike wa aiki ita da kanta ta ce a sha maikirogiram 10 kullum daga Oktoba zuwa Maris, masu baƙar fata da masu rufe jiki irinmu kuwa duk shekara. Bana cewa ƙwaya zata maye miki gurbin Hajiya, ina cewa kar ki yanke hukuncin rayuwa a lokacin da jiki da zuciya suke ƙasa.

Yanzu mu zo kan watan da kika yi a gida. Kin je a matsayin baƙuwa, baƙuwar ma mai fam a jaka. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dalar da take wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, fam kuma ya zo yana yawo a wajen naira 2,000. Kinga fam 500 da a can ko hayar wata ɗaya bazai biya miki ba, kina kai shi Wapa ya zama kusan miliyan ɗaya. Mafi ƙarancin albashi da aka sa hannu a kai a 2024 naira 70,000 ne, Kano ta ce 71,000, wato kuɗin cefanen hutunki kaɗai ya fi albashin shekara guda na ƙaramin ma'aikaci. Dole Kwari ta yi miki daɗi, dole kiji komai araha ne, ki sayi atamfa turmi biyar ba tare da kin taya ba, ki ce a yo tsire da gurasa na gida gaba ɗaya. Wannan jin daɗin da kika ji wani ɓangarensa gida ne, wani ɓangaren kuma dutin daren da kika yi ne a Manchester, ranar da kika ajiye aikin wannan ɓangaren ya tafi.

Kuma akwai abin da baƙo baya gani, ni sai da na zauna a gida lokacin da ake shirin tarbar wata 'yar uwarmu daga waje na lura da shi sosai. Kwana uku kafin ta sauka an share ɗakin da ya fi shan iska, an ciro labule da zanin gado na Sallah, an aro fanka mai caji a maƙwabta, an ce wa mai ruwa ya ninka kura, an aiki yaro gidan mai da jarka biyu, ƙanin ya bar shagonsa ya zama direba, kajin da ake kiwo aka fara yankawa ɗaya bayan ɗaya. Janareto ya kwana yana ruri don kar zafi ya hana yaranta bacci, a garin da litar fetur bata kai naira 200 ba kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 amma ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Ranar da aka raka ta filin jirgin Malam Aminu Kano aka dawo, aka ja janareton nan aka mayar lungu aka rufe da buhu, aka koma shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Babu wanda ya gaya mata kuma babu wanda zai gaya miki, don kara ce da ƙauna, amma ki sani irin wannan hidimar ba'a yinta wata goma sha biyu. Baƙo raɓa ne, in kin dawo zama ke ma ɗaya daga cikin masu sayen man ce, wataƙila ma ke za'a dinga kallo.

Don haka ki zauna ki yi lissafi da naira zalla. Ki kira ƙawayenki da kuka gama makarantar jinya tare waɗanda suke aiki a gida, ki roƙi ɗaya ta gaya miki tsakani da Allah nawa ke shigo mata a wata bayan an cire komai. Sai ki jera hayar gida a unguwar da zaki iya zama, kuɗin makarantar yara irin wadda zaki yarda ki sa su (kuma na san ba kowace zaki yarda ba bayan abin da suka saba), sola da inbata da batir, ko kuɗin wuta in kina layin Band A da aka kai naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, man mota, ruwa, magani da asibiti daga aljihunki. Ki tuna a Oktoban 2024 yawancin arewa ta yi fiye da mako a cikin duhu bayan an lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, mai kanti da mai injin niƙa da mai saida ƙanƙara duk sun ji a jikinsu. Sannan ki ƙara layi ɗaya da kowa ke mantawa, hidimar dangi, don wadda ta dawo daga Ingila ko ta rantse da Alƙur'ani bata da kuɗi ba mai yarda.

Aikin kansa ma ki auna shi. Kin saba yanzu da wodin da safar hannu da sirinji da iskar oksijin suna nan a bango, kin saba in kika ga abin da bai dace ba ki rubuta rahoto a bi kadi. A wurare da yawa a gida nas ɗaya ce a kan marasa lafiya masu yawan gaske, 'yan uwan mara lafiya ne za'a rubuta wa takarda su fita su sayo ruwan ƙari da allura, in babu kuɗi ki tsaya kina kallo da iliminki a kai. Abokan aikinmu na gida jarumai ne wallahi, abin da suke yi da ɗan abin da ke hannunsu ya isa a jinjina musu, amma waɗanda na sani da suka koma abin da ya fi karya musu zuciya kenan, ba albashin ba.

Kar kuma a ce na wanke Ingila. A 2024 nas a matakin farko wato Band 5 tana farawa ne da wajen fam 30,000 a shekara, a kunnen mutanen gida miliyan sittin kenan, amma bayan haraji da kuɗin inshorar ƙasa wato National Insurance da fansho abin da ke faɗowa a wata bai cika kai fam 2,000 ba sai an haɗa da ƙarin shif, daga nan haya ta ɗebi nata, harajin kansul, gas da lantarki lokacin sanyi, inshorar mota, kuɗin masu rainon yara wanda shi kaɗai yana iya cinye rabin albashi. Asibitin da ake cewa kyauta, miliyoyin mutane ne a layin jiran magani a Ingila, ke kin fi ni sani. Ga wariyar da ba'a faɗa da baki, mara lafiya ya kalli hijabinki yace a kira masa wata. Duk na san wannan. Abin da can take baki wanda gida bata bayarwa yanzu shine tabbas, albashi zai shigo ranar da aka ce, wuta bazata ɗauke ba, in yaro ya shiɗe da tsakar dare ki kira 999 ba mai tambayarki kuɗin kati. Gida kuma tana baki mutane. Kowace ki ba ta haƙƙinta a lissafin.

Sai maganar takardu, kuma nan ne nafi so ki buɗe kunne, don shekara huɗun da kika yi dukiya ce. A dokar da aka daɗe ana bi, mai irin bizarki in ya cika shekara 5 yana iya neman takardar zama na dindindin wato ILR, da sharaɗin bai yi fiye da kwana 180 a wajen ƙasar ba cikin kowane wata 12. Bayan ILR da shekara ɗaya ana iya neman zama ɗan ƙasa, kuma Najeriya ta yarda wanda aka haifa ɗan ƙasa ya riƙe fasfo biyu. In kika ajiye aiki yau asibitin zai sanar da hukumar shige da fice, galibi a rage bizar zuwa kwana 60, kuma bizar maigida da ta yara a jikin taki suke rataye, kowa ya tashi. Ƙofar kuma kullum ƙara tsukewa take, a Janairun 2024 an hana yawancin ɗalibai zuwa da iyali, a Maris ɗin shekarar aka hana masu aikin kula da tsofaffi zuwa da nasu iyalin, a Yulin 2025 aka rufe ɗauko su daga waje gaba ɗaya, kuma a Mayun 2025 gwamnati ta fito da shirin mayar da shekara 5 ɗin nan zuwa 10 ga mutane da yawa. Don haka ki shiga shafin gwamnati ki karanta abin da ya shafi rukuninki a yau, ko ki ga lauyan shige da fice mai rajista, kar ki dogara da abin da ake turawa a WhatsApp. Ko ILR ɗin ma ki sani in kika yi shekara 2 a jere a waje ta mutu, zama ɗan ƙasa ne kaɗai baya mutuwa. Rajistarki ta hukumar nas-nas wato NMC ita ma duk shekara 3 ake sabuntawa kuma sai kin nuna awa 450 na aiki. Fanshon gwamnati sai kin biya National Insurance na aƙalla shekara 10 kafin ki sami ko sisi, kuma wanda ya koma Najeriya da zama ba'a yi masa ƙarin shekara-shekara, inda ya tsaya nan zai tsaya. Waɗannan ba dalilan zama har abada bane, dalilan fita ta ƙofa ne maimakon ta taga.

Batun yayarki kuwa, gaskiya ita ke da gaskiya ko da abin da kika faɗa daidai ne. Kin lura da abin da ya faru? A Kano kina cewa a can ba haka ake ba, a Manchester kina kukan Kano. Haka muke dukkanmu, duk wanda ya zauna wuri biyu idonsa ya riga ya buɗe da abin da kowanne ya rasa. Amma ki sa kanki a matsayinta, ita ce take kai Hajiya asibiti, ita ke bin layin mai, ita ta kwana uku bata runtsa ba a hidimar bikin nan, sai ga ƙanwarta ta sauko daga jirgi tana gaya mata kwata na wari, direbobi basu da hankali, an sa biki ƙarfe biyu ba'a fara ba sai biyar. Ta sani ai, a ciki take kwana take tashi, abin da kunnenta ya ji shine kin fi ƙarfinmu yanzu. Akwai abubuwan da ya kamata ki yi magana a kai kuma kar ki fasa, shan maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai daga kemis, ɗora jariri a cinya a gaban mota, Hajiya ta daina shan maganin hawan jini don ta ji sauƙi, waɗannan rai ne. Amma ki faɗe su a matsayin nas 'yar gida, ki cire "a can" daga bakinki gaba ɗaya, ki sayo na'urar awon jinin ki koya wa wani a gidan yadda ake amfani da ita. Ki kira Yaya ki ba ta haƙuri, ki yi mata godiya ta musamman a kan Hajiya, ke ce ƙarama ba abin da zai ragu a jikinki.

Na san kuma can ƙasan zuciyarki yaran ne, kin ga sun fara gaida manya a tsugune, bakinsu ya fara kama Hausa, kin ji tsoron abin da za su zama a can. Tsoro ne mai tushe. Sai dai tarbiyya bata zuwa da tikitin jirgi, wayar da kike tsoro a Manchester tana hannun yaran Kano su ma. Manchester gari ne mai Musulmi da yawa, ga masallatai da islamiyyu a su Cheetham Hill da sauran unguwanni, ki sa su, ki kafa dokar Hausa zalla a cikin gida ko sun amsa miki da Turanci, ki nemi matan arewa da ke kusa ku dinga haɗuwa ko sau ɗaya a wata ana tuwo yara na wasa. Da yawa daga cikinmu wannan haɗuwar ce ta riƙe mu.

Wani abu da ya shafi lafiya tunda kun dawo ba daɗewa, duk wanda ya yi zazzaɓi a cikinku a watannin nan ki gaya wa likita kun je Najeriya a gwada maleriya a ranar. Garkuwar da muka taso da ita tana raguwa in mun daɗe a waje, yaran da suka girma a can kuwa basu da ita sam, kuma yawancin maleriyar da ake gani a asibitocin Ingila a jikin irinmu ne masu zuwa ganin gida, saboda muna cewa ai gida ne mu ƙi shan maganin rigakafi. Zuwa na gaba ku sha, ku kwana a gidan sauro.

In bayan duk wannan zuciyarki na nan a kan komawa, toh ki gwada ta da gaske. Ki nemi hutun da ba albashi a wurin aiki bayan takardunki sun fito, ki zo a watan Afrilu lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, ba biki ba Sallah, ki kama wuri naki ba ɗakin Hajiya ba, ki ɗaure kanki a kan kuɗin da zaki iya samu a gida, ki shiga adaidaita, ki kai yaro asibiti ki bi layi, ki zauna har mutane su gaji da zuwa gaishe ki kowa ya koma harkarsa, don za su koma, ƙawayen da suka cika miki ɗaki lokacin biki kowacce da nata fama. In kin yi wannan kika ji har yanzu nan ne, ki dawo da ƙarfin gwiwarki, kuma ki dawo da abin yi, ƙwarewa a wani fanni da ake nema, ko jarin da zai riƙe ku shekara guda ba tare da kin taɓa kowa ba. In gini zaku yi kafin nan takardar fili ta kasance da sunanku, kuɗi kuma a dinga turawa mataki-mataki ana ganin aiki, zumunci da yawa ya mutu a kan ginin ɗan waje.

Akwai waɗanda ni da kaina nake ce musu su tafi kar su jira komai, wadda mahaifiyarta ke kwance ba mai kula da ita, ko wadda zaman ya taɓa lafiyar ƙwaƙwalwarta har likita ya tabbatar, ko auren da ke neman rushewa saboda zaman. A abin da kika rubuto ban ga kina cikinsu ba. Shi kuma maigida da yace a ƙara haƙuri, kar ki bar maganar a haka don haƙurin da ba shi da wa'adi shi ke sa mutum kuka. Ku zauna ranar da ku biyun baku da duti, ku rubuta shekarar da kuke so ku koma, nawa za'a dinga ajiyewa duk wata, kuma ku sa kuɗin tikitin zuwa gida duk shekara a cikin lissafin dole tare da haya, ko da ke kaɗai ce zaki dinga zuwa sati biyu ki ga Hajiya.